Abin da ke cikin saiwoyi da ganyayen Kurdawa, da inda idon gargajiya baya kaiwa

A duwatsun Zagros, wajen watan Yuni zuwa Agusta lokacin da mu muke tsakiyar damina su kuma zafinsu ya tsaya, akwai mutanen da sana'arsu kenan hawa tsauni da ɗan gatari mai kaifi, su samu wata bishiya da Kurdawa ke cewa kazwan su sassare jikinta wuri-wuri, sannan su kwaɓa laka su mulmula ɗan ƙoƙo da bai kai tafin hannu ba su manna shi a ƙasan kowane sara. Sai a bar shi kwanaki. In an dawo za'a tarar wani ƙaro mai kauri mai ƙamshi ya tsiyaya ya taru a ciki, a kwashe a kai gida a dafa a tace, ya koma fari ana taunawa kamar cingam, shine suke kira binesht. Mai zafin ciki shi zai tauna ko ya haɗiyi kaɗan, mai ciwo a shafa masa ɗanyen, mai warin baki ma shi ake bashi. 'Ya'yan bishiyar kuma ana huda su a yi carbi, carbin kazwan har alfahari ake da shi a Sulaimaniyya da Arbil, sannan ana soya 'ya'yan ita da 'yan uwanta a niƙa a yi wani abin sha mai kama da kofi.

Kurdawa dai al'umma ce da ke zaune a tsaunukan da suka ratsa Iraki da Iran da Turkiyya da Siriya, kuma wannan zaman tsauni shine ya basu tarin tsirran da ba ko'ina ake samu ba, sabida ƙanƙara tana rufe wajen watanni, ta narke a Maris da Afrilu komai ya tsiro a lokaci ɗaya, sannan zafi da fari su biyo baya su ƙone komai. Tsiron da ke irin wannan waje baya iya gudu in akuya ta zo, baya iya shiga inuwa in rana ta ƙwalle, dan haka sai ya kare kansa da sinadarai, wani ɗaci, wani bauri, wani ƙamshin da ke korar ƙwari, wani kuma guba ne tsagwaronsa. Waɗannan sinadaran su muke kira magani idan sun yi mana daidai. Tsiron bai yi su dan mu ba, kuma duk wanda ya manta da wannan zai dinga mamakin yanda abun da ake cewa "ai na gargajiya ne" yake kwantar da mutum a asibiti.

Abin da na lura da shi in ka jera tsirran Kurdawan nan ɗaya bayan ɗaya kana duba me masana suka gano a cikinsu shine, duk inda amfanin ko illar take bayyana yau ko gobe, gargajiya ta gano ta tun tuni kuma ta san yanda zata yi da ita, wani lokacin har ka rasa yanda aka yi suka gane. Amma duk inda illar sai ta yi wata biyu ko uku tana taruwa a hanta ko a jini ba tare da mutum ya ji komai ba, toh nan idon gargajiya baya kaiwa, kuma ba raini bane faɗin haka, babu wata kaka a duniya da zata iya haɗa shayin da aka sha tun watan Rajab da idon da ya yi ɗorawa a Shawwal.

Mu koma kan ƙaron kazwan. Idan aka tatso man da ke bashi ƙamshi, mafi yawansa wani sinadari ne da ake kira alfa-fainin, kuma a ɗakin gwaji yana kashe ƙwayoyin cuta da dama, ragowar ƙaron kuma akwai wasu sinadarai masu nauyi da ake kira tiraitafin waɗanda aka ga suna rage kumburi. Toh amma labarin da ya fi koyar da darasi na 'yar uwarta ne, bishiyar mastaki ta tsibirin Kiyos a Girka, wadda ita aka fi yiwa bincike. A 1984 wasu likitoci a Iraki suka gwada ƙaron mastaki kan masu olsa, wasu aka basu na gaske wasu aka basu na bogi, suka ga waɗanda suka sha na gasken sun fi samun sauƙi. A daidai wannan lokacin ne Barry Marshall da Robin Warren a Ostareliya suke ta fama da duniya kan cewa mafi yawan olsa ƙwayar cuta ce ke kawo ta, Helikobakta, aikin da ya kai su ga kyautar Nobel a 2005. Sai a 1998 wasu masana a Ingila, galibinsu a Nottingham, cikinsu akwai Farhad Huwez da Dlawer Ala'Aldeen wanda Bakurde ne da daga baya ya riƙe ministan ilimi mai zurfi a yankin Kurdistan na Iraki, suka wallafa cewa mastaki yana kashe Helikobakta a farantin ɗakin gwaji, ko da kaɗan aka zuba. Labari ya bazu, kamfanoni suka hau sayar da kafson mastaki. A 2003 kuma a Nottingham ɗin dai aka baiwa mutane masu ɗauke da ƙwayar suka sha na sati biyu aka auna, ƙwayar tana nan daram, kuma shi Ala'Aldeen ɗin yana cikin waɗanda suka sa hannu a wannan sakamakon, abun da ni a gurina ya ƙara masa daraja. Wani ƙaramin gwaji da aka yi a Girka daga baya ya ga ta kau a wasu amma basu kai rabi ba, nesa da abin da magungunan asibiti ke yi.

Kaga anan gizo ke saƙa. A faranti ƙwayar cuta tana kwance ne a fili sinadari ya zauna a kanta awa ashirin da huɗu, a cikin mutum kuwa ta shige ƙarƙashin majinar da ta lulluɓe tumbi ta ɓuya, ga ruwan ciki mai tsami, ga abinci yana wucewa yana tafiya da komai. Dan haka mai tauna binesht yana iya jin sauƙin ƙunar ciki da gaske, ba ƙarya yake ba, tauna kaɗai tana kawo yawu yawu kuma yana rage tsami, amma jin sauƙi daban kashe ƙwayar daban, ita kuma Helikobakta in ta daɗe tana cikin abubuwan da ke kai mutum ga kansar tumbi. Duk sanda kaga an rubuta "bincike ya tabbatar ganye kaza yana kashe cuta kaza" dan Allah ka tambaya, a faranti ne, ko a ɓera, ko a mutum.

Inda gargajiyar Kurdawa ta yi daidai ƙwarai shine mazu. Wannan ba 'ya'yan itace bane duk da haka yake kama, wani ɗan ƙwaro ne dangin zanzaro ke saka ƙwai a tohon wata bishiya ta tsaunukan da Turawa ke kira ok, bishiyar sai ta kumbura a gurin ta yi ƙulli da bai wuce kan babban yatsa ba, tsutsar tana ciki tana girma. Ƙullin nan rabinsa zuwa kashi 70 cikin ɗari tanin ne, da wuya ka samu wani abu a daji da ya tara tanin haka. Kuma 'yan kasuwar tun da can sun san wanda aka tsinka yana shuɗi-shuɗi mai nauyi kafin ƙwaron ya huda ya fita shine mai tsada, wanda ya yi fari ya samu huda an rage masa kuɗi, yau kuma in ka auna za ka tarar mai hudar tanin ɗinsa ya ragu, wato da hannu da ido suka yi abin da na'ura ta zo ta tabbatar. Ɗaruruwan shekaru ana loda shi ta Mosul da Halab zuwa Turai ana yin tawadar rubutu da rini da jima. Mu nan abin da ya fi kusa da shi bagaruwa ce, sinadarin iri ɗaya ne, shi yasa majema ke amfani da ita kuma ake baiwa mai gudawa. Aikin tanin shine ya kama furotin ya ƙanƙance shi, a fatar dabba ya hana ta ruɓa, a dasashi mai jini ko basir ko hanji mai zuba ya tsuke gurin ruwa ya ragu, kana sa shi a baki zaka ji baurin. Amfani ne da ake gani nan take. Sai dai ko likitocin zamani sun taɓa ƙonewa da shi, daga 1925 aka fara shafa ruwan tanin a jikin masu ƙuna a asibitocin Amurka, sai a shekarun 1940 aka gane in ƙunar tana da faɗi yana shiga jini ya lalata hanta aka daina. Sannan yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci, mace mai ciki da dama jininta ƙasa yake bai kamata ta maida shi abin sha kullum ba.

Wanda ya fi burge ni kuwa kardu ne. Ganye ne mai faɗi da ke fitowa bayan ƙanƙara ta narke, dangin gwaza ne, kuma duk wanda gwaza da bata dahu ba ta taɓa yiwa ƙaiƙayi a maƙogwaro ya san somin-taɓin abun, sai dai na kardu ya ninka. A cikin ganyen akwai wasu ƙananan allurai na kalsiyam okzalet da ido baya gani, a ɗaure dami-dami a cikin ƙwayoyin ganyen, kana taunawa sai su fashe su soki harshe da leɓe, tare da su kuma akwai wasu furotin masu ƙara ƙuna da ke bin hudar su shiga, baki ya kumbura yawu ya dinga zuba, yaro ƙarami har numfashi yana iya yi masa wuya. Amma matan Kurdawa sun maida shi abincin marmari. Su yanka shi ƙanana, wasu har hannunsu yana ƙaiƙayi gurin yankan, su jiƙa simak wato wasu jajayen 'ya'yan itace masu tsami su tace ruwan, su zuba ganyen a ciki a bar shi yana tafasa tsawon lokaci ba gaggawa, uwar gida tana ɗan ɗanɗanawa a kan harshe har sai ta ji cizon ya mutu, sannan a haɗa da alkama ko shinkafa. Wasu kuma shanya shi suke ya bushe tukunna. Zafin wuta yana kashe furotin ɗin, tsamin da doguwar dahuwa suna rage kaifin alluran. Ba wanda ya koya musu kimiyya, baki ne ya koya musu, sabida illar tana zuwa ne kan kace kwabo, wanda ya yi kuskure sau ɗaya baya ƙarawa kuma jikokinsa ma sun ji labari. Ilimin anan gaba ɗaya yana cikin tukunya ne, in ka rubuta a littafi cewa "Kurdawa na cin kardu dan wanke ciki" ka tsaya nan, ka bar rabin maganar da tafi muhimmanci.

Rewas kuma tsinkensa ake ci, a watan Afrilu da Mayu za ka ga yara da dattijai a bakin titi da damminsa, a ɓare bawon a ci ɗanye da tsaminsa. Saiwar ita ake dafawa masu ciwon suga. Tana da sinadaran antarakwinon irinsu emodin masu sa zawo, tana kuma da tanin mai tsayar da shi, shi yasa saiwar wannan dangin kaɗan take ɗaure ciki da yawa kuma ta sake shi. Maganar suga an ga alamu a dabbobi da wasu ƙananan gwaje-gwaje, basu kai a ce mutum ya ajiye maganinsa na asibiti ba, mai tsakuwar ƙoda kuma ya yi hankali da okzalet ɗin da ke ciki.

Yanzu ɗaya ɓangaren. Akwai wata saiwa mai zaƙi da Kurdawan Iraki ke cewa mekuk, Larabawa suna cewa irƙus-sus, a Diyarbakir lokacin zafi masu sayar da ruwanta suna yawo da tulun ƙarfe a baya suna zubawa a kofi, da azumi kuma ana shanta sosai a ƙasashen yankin dan tana kashe ƙishi. Ana bada ita ga tari da ciwon maƙogwaro da olsa, kuma tana yi. Sinadarinta gilisirizin ya fi suga zaƙi ninki talatin zuwa hamsin. A 1946 wani likita a Holan mai suna Revers ya lura masu olsa da ke shan haɗin wannan saiwar suna warkewa, daga nan aka bi diddigi har aka fitar da maganin asibiti mai suna kabenokzolon a Ingila farkon shekarun 1960, wanda aka yi ta amfani da shi kafin simetidin ya fito a 1976 ya ture shi. Amma shi Revers ɗin tun a lokacin ya ga wasu majinyatan suna kumbura. Dalilin sai daga baya aka gane shi sosai. A ƙoda akwai wani enzayim da aikinsa shine ya kashe kaifin homon ɗin kotisol kafin ya taɓa inda ake sarrafa gishiri, gilisirizin in ya shiga hanji ƙwayoyin ciki suka juya shi sai ya je ya toshe wannan enzayim ɗin, kotisol ya samu sake, ƙoda ta hau riƙe gishiri da ruwa tana zubar da fotasiyam. Jini ya hau, ƙafa ta kumbura, gaɓɓai su mutu, in fotasiyam ya yi ƙasa sosai bugun zuciya ya rikice. Kwamitin masana abinci na Tarayyar Turai a 2003 ya ce kar a wuce miligiram 100 a rana a kai a kai, mai hawan jini kuma ƙasa da haka ma yana iya taɓa shi. A 2020 an wallafa rahoton wani magini ɗan shekara 54 a Masacusets ta Amurka da zuciyarsa ta tsaya ya rasu bayan ya yi makonni yana shan alewar wannan saiwar kullum. Toh ka ɗauki dattijo mai hawan jini yana shan maganin fitsari wanda shima yana zubar da fotasiyam, ga azumi, ga kofi biyu na ruwan saiwar nan duk shan ruwa har kwana talatin, in ya faɗi ranar ashirin da biyar wa zai ce abin shan ne? Za'a ce azumi ne ya yi masa nauyi.

Haka ja'ada, wani ɗan tsiro mai furfura mai ɗacin gaske da ake dafawa dan ciwon ciki da suga daga Kurdistan har Arewacin Afirka. Mutane suna ganin ɗacin shine shaidar ƙarfinsa. Sinadaran da ke kawo ɗacin wasu daitafin ne, kuma abun tsoron shine da kansu basu da wata illa sosai sai sun isa hanta, hanta a ƙoƙarinta na narkar da su sai ta maida su wani abu mai cin ƙwayoyinta. Faransa ta ga wannan da ɗan uwansa na Turai da aka zuba a kafso ana sayarwa mata dan rage ƙiba, aka fara samun masu ciwon hanta bayan sun yi kamar wata biyu suna sha, a 1992 aka hana sayar da shi. Ita ja'adar ma an samu rahotannin mutanen da ta taɓa musu hanta. Lura da bambancin, kaka tana dafa ɗan reshe in ciki ya murɗa a sha kwana ɗaya biyu a daina sabida ɗacin ma ba zai barka ka zarce ba, shi kuwa mai suga ciwonsa baya tafiya dan haka kullum zai sha, kafso kuma ya ɓoye ɗacin da dama shine birkin.

Akwai kuma furen nan mai ruwan ɗorawa da Turkawa ke cewa kantaron, a jiƙa shi a man zaitun a ajiye a rana man ya koma ja a dinga shafawa a ƙuna da ciwo. Shafawa da sauƙi. Shan sa ne matsala ga mai shan wani magani, dan sinadarin haifaforin yana zaburar da hanta ta dinga narkar da magunguna da sauri fiye da ƙa'ida. A shekarar 2000 aka nuna yana rage indinabir, maganin cuta mai karya garkuwar jiki, da fiye da rabi a cikin jini, a shekarar kuma aka ruwaito wasu mutum biyu a Zurik da aka yiwa dashen zuciya jikinsu ya fara ƙin zuciyar sabida ya cinye maganin da ke kare dashen, haka yake yiwa ƙwayar tazarar haihuwa da wafarin, maganin tsinka jini. Wannan kam ba laifin kowa bane a gargajiya, lokacin da aka gaji ilimin babu waɗannan magungunan a duniya. Aspand kuwa, wanda Larabawa ke cewa harmal, yawanci turara shi ake a garwashi yana fashewa ƙas-ƙas dan kambun baka, ga jariri ga amarya, amma masu dafa ƙwayar su sha suna haɗuwa da harmalin da harmin, waɗanda tun 1841 da 1847 aka ware su, suna taɓa ƙwaƙwalwa su sa amai da karkarwa da gane-gane, akwai kuma wani a ciki mai matse mahaifa. Wannan ɗin dai unguwar zoma sun san shi, dan illar bata ɓuya.

Wani abu da ke ƙara dagula lissafi shine tsiro ɗaya ba sinadari ɗaya yake bayarwa ko'ina ba. Jatra, wato za'atar na tsauni da suke shayi da shi dan tari da kumburin ciki, ƙarfinsa daga timol da kabakurol ne, timol ɗin nan shine ɗaya daga abubuwan da ke cikin ruwan kurkure baki na Listerine. Amma a kudancin Faransa an nuna jinsi ɗaya tak na wannan dangin yana da nau'i shida ta fuskar sinadari, ganye iri ɗaya a ido, wani cike da timol wani kusan babu. Tsayin dutse, irin ƙasa, kafin fure ko bayan fure, a inuwa aka shanya ko a rana, duk suna canja abun da ke cikin kofin. In makiyayi ya ce na gefen dutse kaza ya fi ƙarfi kuma kar a tsinka sai ya fara fure, maganar sinadari yake yi ko da bai san sunansa ba.

Nasan akwai masu cewa ai shekara dubu sittin ana amfani da tsirran nan, suna nufin kogon Shanidar da ke lardin Arbil, inda Ralph Solecki ya tono ƙasusuwan Niyandatal, wani jinsin mutanen da can da suka ƙare, a 1960 aka samu na huɗu wanda daga baya aka ga tarin garin fure a ƙasar da ke kewaye da shi, wasu furannin kuma na magani ne har yau. Labarin yana da daɗi amma masana sun daɗe suna ja, wasu sun ce wani ɓeran daji ne mai tara fure a rami, wani bincike na 2023 kuma ya karkata ga ƙudan zuma masu haƙa gida a ƙasa. Ko da ma ya tabbata, daɗewa bata wanke tsiro, cikin furannin da aka lissafa akwai dangin Senecio wanda yau an san yana da sinadarai masu lalata hanta a hankali. Tarihin da ya fi ƙarfi a hannunsu shine na Abu Hanifa Dinawari, malamin garin Dinawar kusa da Karmanshah da ya rasu wajen 895, wanda littafinsa kan tsirrai yana cikin tushen wannan ilimin a duniyar Musulunci kuma Kurdawa suna ƙirga shi a nasu.

Abin da ke damuna shine wane ɓangare na ilimin ne ke tsira. Dama kogi biyu ne, akwai na matan ƙauye da makiyaya masu tsinka da hannunsu, akwai na attar mai shago a birni da ya gaji littattafan ɗibbu da lissafin wannan mai zafi ne wannan mai sanyi ne. Na farkon shi aka yiwa mummunan duka. A shekarun 1980, musamman farmakin Anfal na 1988, gwamnatin Saddam ta rushe ƙauyukan Kurdawa kusan dubu huɗu, aka kashe dubun dubata, aka kwashe waɗanda suka rage zuwa matsugunan dole nesa da duwatsunsu, ga harin guba na Halabja ranar 16 ga Maris na shekarar. Yarinyar da ta tashi a matsuguni bata bi kakarta dutse ta ga wane ganye ake tsinka wane ake tsallakewa ba. Duwatsun kan iyaka kuma har yau akwai nakiyoyin yaƙin Iran da Iraki a binne, kuma masu fita neman ganye bayan narkewar ƙanƙara suna cikin waɗanda suke tashi da su. Sai takunkumin da aka saka wa Iraki a shekarun 1990 ya zo magani ya yi wuya, mutane suka koma ganye a daidai lokacin da masu saninsa suka ragu. Kasuwa ita ta cike gurbin. Evan Mati da Hugo de Boer na jami'ar Uppsala sun bi shagunan kasuwar Kaisari da ke gindin tsohuwar ganuwar Arbil suka wallafa a 2011, suka tarar kaso mai tsoka na kayan daga wajen Iraki ake shigo da su. Busasshiyar saiwa da gari a leda, ba fure ba ganye da zaka gane tsiron da shi, sunan ya tsira, "yana maganin kaza" ya tsira, amma nawa za'a sha, kwana nawa, wa aka hana, wannan ne ke zubewa a hanya.

Masana na aiki, jami'ar Salahaddin ta Arbil da jami'ar Pavia ta Italiya sun yi shekaru suna ware sinadarai daga tsirran yankin da ba'a taɓa bincika ba, kuma aiki ne mai kyau da dole sai da shi. Sai dai mafi yawan abin da ake wallafawa a wannan fannin a ko'ina yana tsayawa ne a faranti, an tatso da sinadarin ɗakin gwaji an zuba kan ƙwayoyin cutar kansa sun mutu, alhali ba haka mutane ke sha ba, su da ruwa suke dafawa, abin da ruwa ke fitarwa kuma ba lallai shine wancan ba. Da ni ke raba kuɗin bincike da na fara da abu mai arha, a zauna da tsofaffin matan da suka rage a yankunan Kurdawa na Hawraman da Barzan da Hakkari a rubuta yanda suke haɗawa daki-daki da waɗanda suke hanawa, a dafa daidai yanda suka dafa sannan a auna abin da ya fito a ruwan, a sayi ruwan mekuk kofi-kofi a hannun masu sayarwa daban-daban a ga miligiram nawa ke cikin kowanne, a ɗauki masu suga da ke shan ja'ada kullum a dinga duba hantarsu duk wata, sannan a saka tambaya ɗaya a katin duk wanda ya zo asibiti da hawan jinin da ya ƙi sauka ko shawarar da ba'a san dalilinta ba, me kake dafawa kana sha a gida, tun yaushe.